Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dattawa: A Tambaye Mu Kafin a Shafa Jan Fenti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Godswill Akpabio, da Mai Girma Mataimakinsa kuma shugaban kwamitin gyaran kundin tsarin mulki, Sanata Barau Jibrin, da sauran sanatocin Tarayyar Najeriya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku.

Ni tsohon ma'aikacin safiyo ne da ya yi ritaya, yanzu kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin unguwarmu a wajen birnin Kano. Da yawun wannan kwamiti nake rubutu. A cikinmu akwai magidantan da suka yi shekara da shekaru suna adashe kafin su sayi rabin fuloti, da zawarawan da ke riƙe da marayu a gidan da miji ya bari, da masu rumfuna a bakin titi, da manoman da gari ya cim ma gonakinsu. Ba mu da jam'iyya ɗaya, ba ma neman kwangila.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne muhawarar da ake ta yi a kan makomar majalisarku. A 2019 Kayode Fayemi, yana gwamnan Ekiti, ya ce a soke ta baki ɗaya. A wannan shekarar dai Sanata Rochas Okorocha ya miƙe a zaurenku ya ce sanata ɗaya ya ishi kowace jiha. A Fabrairun 2024 'yan Majalisar Wakilai wajen 60 suka kawo ƙudurin komawa tsarin firaminista, ga kuma masu neman a ƙara kujeru 37 domin mata. Wani na cewa a rage, wani a ƙara, wani a rushe. Mun kasa kunne sosai, amma ba mu ji wanda ya taɓo abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ba. Ko kujerun nan 109 ne, ko 37, ko 146, ta wace ƙofa maganar talaka za ta shiga kafin a yanke hukunci a kansa?

Bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri, domin kada a ɗauka ƙiyayya ce. Ba ma cikin masu cewa a soke Majalisar Dattawa. Mun san Senegal ta soke tata a 2012 da niyyar kashe kuɗin a kan waɗanda ambaliya ta shafa, Mauritaniya ma ta bi sahu a 2017, maƙwabciyarmu Nijar da ƙasar Ghana kuwa majalisa ɗaya suka saba da ita. Amma duk abin da aka ware wa majalisun tarayya biyu a kasafin 2024, kimanin naira biliyan 344, bai kai kashi biyu cikin ɗari na kasafin naira tiriliyan 28.7 ba. Soke ku ba zai cika aljihun kowa ba. Kuma ba mu manta ba. Majalisar nan ce ta binne tazarcen zango na uku na Shugaba Obasanjo ranar 16 ga Mayun 2006. Ita ce tare da ta wakilai ta warware ƙullin da ƙasa ta shiga a Fabrairun 2010 lokacin jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. A Agustan 2023, da ake kaɗa gangar yaƙi da Nijar, ku ne kuka ce a bi hanyar sulhu, kuma duk mai dangi a Maraɗi ko Damagaram ya san abin da wannan kalma ta tsare mana. Majalisar da ta yi waɗannan ba abin yarwa ba ce.

Sai dai hujjar zaman majalisa ta biyu a kowace ƙasa ita ce ta tsaya ta sake dubawa, ta saurari wanda ta farko ta tsallake cikin gaggawa. Shi ya sa Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 take da sanata uku, daidai da Kano mai 44, domin kada yawa ya danne ƙarami. In dattawa suka daina sauraro, to hujjar ta faɗi, kuma masu cewa a rushe za su yi ta samun mabiya. Ƙorafinmu a nan yake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu fara da yadda kuke jin ra'ayin jama'a. A Yulin 2025 kwamitinku ya zaga shiyyoyi shida, kowace shiyya gari ɗaya. Arewa maso Yamma jihohi bakwai ce, ƙananan hukumomi 186, aka ce kowa ya zo Kano. Mutumin Kamba ko Yawuri ko Illela, in yana da abin faɗa a kan kundin da ake mulkinsa da shi, sai ya yi wuni a mota, ya ratsa hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki, ya nemi masauki, sannan ya zo da takardarsa a rubuce da Turanci. Wa zai iya wannan? Ƙungiyoyi masu ofis da lauya, da masu neman sabuwar jiha, da wakilan gwamnoni. Ba mu ce maganarsu ba ta da amfani ba, amma ba su ne jama'a ba. Kuma kada a ce mana ba zai yiwu a sauko ƙasa ba, domin an taɓa yi. Ranar 10 ga Nuwamban 2012 Majalisar Wakilai ta yi zaman jin ra'ayi a mazaɓunta 360 a rana ɗaya, mutane suka taru a garuruwansu ana karanta musu batutuwa suna ɗaga hannu. Ku mazaɓunku 109 ne kacal.

Ga kuma batun harshe. Sashe na 55 na kundin 1999 ya ce za a gudanar da aikin majalisa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Sama da shekara 25 ke nan ana jiran tanadin. Lokacin da ƙudurorin haraji suka iso gabanku a ƙarshen 2024, Arewa ta ɗauki zafi, aka yi ta wa'azi da cacar baki a rediyo, amma mafi yawan masu goyon baya da masu suka ba su taɓa ganin ƙudurorin da harshen da suke fahimta ba. Kowa da abin da aka gaya masa. Da an fassara su an karanta a gidajen rediyo, da rabin hayaniyar ba ta tashi ba, sauran rabin kuma da ta tsaya a kan abin da ya kamata.

Sai yadda kuke yanke hukunci idan kun koma zaure. A Mayun 2024 aka sauya taken ƙasa, daga gabatar da ƙuduri zuwa sa hannun shugaban ƙasa cikin mako guda. Yaranmu suka tafi makaranta da wani take suka dawo da wani, ba wanda ya tambayi iyayensu. A Maris na 2025, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Ribas, sashe na 305 ya buƙaci amincewar kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, amma da ƙuri'ar murya aka wuce da maganar. Ranka ya daɗe Shugaban Majalisa, kunne ba ya ƙirga mutum 73. Har yau ba mu san wane sanata ne ya ce eh, wane ne ya ce a'a, wane ne ma bai zo ba. Ku tuna abin da ya kashe tazarce a 2006: an haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya miƙe yana sane da cewa mutanen garinsu na kallonsa. Sanatan da ya san za a ga ƙuri'arsa daban yake da wanda zai ɓuya cikin amo. Wannan ne ya sa sunan 'yan amshin shata ya manne muku, ko da a cikinku akwai waɗanda bai dace da su ba.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da jikinmu, wato tsara gari da ƙwace fili da rusau. A nan zan ɗan daɗe, domin aikina ne, kuma unguwarmu ta ɗanɗana.

Shekarun baya aka zo fitar da hanya a gefenmu. Ba wanda ya ƙi hanya, mu da kanmu muka daɗe muna roƙonta. Amma labarinta na farko da ya iso mana shi ne samari biyu da bokitin jan fenti da safe, wani na biye da su da tef, suna buga alama a bango suna rubuta lamba. Akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a ƙofar gidanta, mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗakuna uku. Ta bar kasko a wuta ta biyo su tana gyara mayafi tana tambayar me ya faru. Suka ce, "Hajiya, mu ma aiko mu aka yi." Layin ya ratsa tsakar gidan, ya ɗauke ɗaki biyu da rijiya. Da yamma ta kawo mini abin da take da shi na shaida, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu huɗu, a naɗe cikin leda, ta ɗauko ta daga ƙasan adaka. Takardar ta yi laushi har rubutun ya fara dushewa a wurin ninki. Na duba taswirar da na samu gani daga baya, na ga da an karkata layin da 'yan taku kaɗan ta gabas, da fili ne fetal zai bi, ba gidan kowa. Wanda ya ja layin ba mugu ba ne. A ofis ya ja shi, a kan hoton da aka ɗauka daga sama, kuma babu dokar da ta tilasta masa ya zo ya zauna da mu kafin ya ja.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Dattawan unguwa sun tare injiniyan aikin suka nuna masa cewa ruwan damina yana gangarowa ne ta tsohon burtali ya zube a kududdufin da ke bayan masallaci, kududdufin kuma an riga an cike rabinsa an yanka fuloti. Suka roƙa a sa kwalbati a bakin burtalin. Ya saurare su da ladabi, ya ce zane ya riga ya fito, ba shi da ikon taɓa shi. Aka sa kwalbatin can inda takarda ta ce. Ruwan Agusta na farko da ya sauka da daddare, titin ya zama madatsa, ruwa ya koma cikin gidaje, katangun ƙasa suka zauna, mata suka kwana a tsaye da yara a kafaɗa. Hoton da aka ɗauka da rani ba ya nuna inda ruwa ke kwana da damina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jin ta bakin jama'a ba alfarma ba ce da ake yi wa talaka, wani ɓangare ne na awon kansa, kuma awon da aka tsallake shi bai cika ba.

Na san amsar da lauyoyinku za su bayar, cewa wannan ba hurumin tarayya ba ne. Da gaskiyarsu ta wani gefe. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari a fili domin jama'a su gani su kawo ƙorafi a rubuce, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari aikin jihohi ne, ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Tun daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Amma akwai abubuwa biyu da ba wanda zai ce ba a hannunku suke ba.

Na farko Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ita ce ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke mallaka a sashe na 28 idan ya ce don amfanin jama'a ne, sashe na 29 kuma ya tsayar da diyya a kan abin da ke bisa ƙasar, gini ko shuka, ba ƙasar kanta ba. Manomin da gari ya cim masa, a biya shi kuɗin dawa da bishiyar mangwaro, a yanka gonarsa a sayar da kowane fuloti da miliyoyi yana kallo. Dokar ta yi maganar sanar da mai mallaka, amma babu inda ta ce a tara unguwa a ji ta bakinta. Soja ne suka kafa ta, sashe na 315 na kundin tsarin mulki kuma ya kulle ta, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Ma'ana mabuɗin yana kan teburin kwamitin Sanata Barau a yanzu haka. Ba Majalisar Dokokin Kano ko ta Sakkwato da za ta iya fara wannan aiki.

Na biyu Abuja. Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna zaɓaɓɓe, ba shi da majalisar dokoki, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Bisa sashe na 299, ku ne majalisar dokokinsa. Tsarin da ake dogaro da shi ana rushe gidaje tun 1979 aka zana shi, kafin a haifi mafi yawan mutanen da ke zaune a Abuja yau. Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da aka tarar a wurin, da leburori da masu gadi da 'yan kabu-kabun da suka gina birnin suke kuma yi masa hidima, su ne katafila ke tasa da asuba. A Disamban 2024 Sanata Ireti Kingibe ta kawo ƙorafi, kuka nemi Ministan Abuja Nyesom Wike ya dakatar da rusau, kuka kafa kwamiti. Ministan ya fito ya ce aikin zai ci gaba. Mun yaba da kuka yi magana, amma ƙudurin roƙo bayan gini ya zama ƙasa ihu ne bayan hari. Doka ce ke ɗaure minista, kuma yin dokar a hannunku yake.

Mu a Kano mun ga inda rashin tambayar jama'a ke kai gari. Wata gwamnati ta yanka filaye a jikin masallacin Idi da tsohon otal ɗin Daula ta bayar aka gina shaguna, ba a tambayi mutanen gari ba. Wata ta zo a Yunin 2023 ta sa katafila ta kwashe su, ita ma ba ta zauna da masu shagunan ba. Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ku duba wanda ya yi asara. Ɗan kasuwar da ya sayi shago da takardar gwamnati a hannunsa ya yi asara. Mai biyan haraji, wanda daga aljihunsa diyyar za ta fito, ya yi asara. Garin ya yi asara sau biyu. Da tun ranar da aka fara tunanin yanka filin doka ta tilasta a baje taswira a saurari jama'a, da an ji ƙin amincewar tun kafin a zuba buhun siminti ɗaya. Tun ran gini ran zane. Ba ma ɗaukar ɓangaren kowace gwamnati a wannan magana, domin duka biyun da doka ɗaya suka yi aiki, dokar da ta bar komai ga ra'ayin mutum ɗaya.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba a matsayin al'umma. Akwai masu gini a kan hanyar ruwa suna sane, akwai dillalan da ke yanka awon igiya ba su bar filin makaranta ko maƙabarta ba, lungu ko mota ba ta shiga. Amma ku tambaya me ya kai mutane can. Shirin raya birnin Kano da masanin tsara birane Trevallion ya tsara na shekara 20 ne, daga 1963 zuwa 1983. Gari ya ninka ya sake ninkawa, awon gwamnati kuwa bai taɓa isar masu buƙata ba, wanda ya fito ma sau da yawa sai mai uwa a gindin murhu. Magidanci ba zai kwana a titi da iyalinsa yana jiran takarda ba. Hukuma tana gani ana ginin, ana jawo wuta, ana kafa rumfar zaɓe a unguwar, sai bayan shekara ashirin a tuna ba bisa ƙa'ida take ba. Unguwar da ta isa a nemi ƙuri'arta ta isa a nemi shawararta.

Akwai wani tsarin raya ƙasa da ku da kanku kuke yi duk shekara ba tare da an kira shi da sunansa ba, wato ayyukan mazaɓu. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da ta ce majalisun tarayya sun cusa a kasafin 2025. Fitilun titi ne, da rijiyoyin burtsatse, da ɗakunan taro. Wa aka tambaya? Kowa a cikinmu ya san ƙauyen da aka kafa wa fitila mai aiki da hasken rana alhali ɗakin shan maganinsu ba rufi, ya san burtsatsen da aka haƙa a ƙofar gidan shugaban jam'iyya. Da Sanata Abdul Ningi ya yi magana a BBC Hausa a Maris na 2024 a kan naira tiriliyan 3.7 da ya ce ba a ga inda aka jingina su a kasafi ba, dakatar da shi kuka yi na wata uku. Ko ya yi kuskure a lissafinsa, abin da jama'a ke jira shi ne a buɗe littafi a nuna musu. Haka da Sanata Kawu Sumaila ya faɗa a Agustan 2024 cewa abin da ke shigo masa duk wata na tafiyar da ofis ya kai naira miliyan 21, alhali hukumar da ke tsara albashi tana maganar miliyan ɗaya da 'yan kai. Ba yawan kuɗin kaɗai ke ɓata wa mutane rai ba, har da yadda sai wani ya yi ta maza ya fasa ƙwai kafin a sani.

To ga abin da muke roƙo.

Ku mayar da shigar jama'a cikin yanke hukunci haƙƙin da kotu za ta iya ƙwato wa mutum. Sashe na 14 ya riga ya ce za a tabbatar da shigar jama'a cikin gwamnatinsu, amma yana babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Mun san taɓa babi na huɗu, inda haƙƙoƙin da kotu ke tilastawa suke, na buƙatar kashi huɗu cikin biyar na kowace majalisa, abu ne mai wuya. Ba sai an bi ta nan ba. Ku rubuta shi a babin da ya yi maganar majalisa, cewa wajibi ne majalisun tarayya da na jihohi su saurari jama'a kafin su zartar da doka, kuma dokar da aka tsallake wannan mataki kotu na iya soke ta. Wannan kashi biyu cikin uku yake buƙata da amincewar majalisun jihohi 24. Afirka ta Kudu ta rubuta haka a kundinta, kuma ya yi aiki. A 2006 kotun tsarin mulkinsu ta soke dokoki biyu, ciki har da ta masu maganin gargajiya, saboda majalisarsu ta biyu, wadda ke wakiltar larduna, ba ta saurari jama'a yadda ya kamata ba. A 2016 ta sake soke wata dokar mayar da filaye ga masu su a kan wannan dalili. Majalisa irin taku ce, kuma ba ta rushe ba don an tilasta mata sauraro.

Ku buɗe Dokar Amfani da Ƙasa ku sa mata sharaɗi. Duk aikin da zai taɓa gidajen mutane ko gonakinsu, a liƙa taswirarsa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin hakimi na wani wa'adi sananne, a yi shela a rediyo da harshen mutanen wurin, a zo a zauna a unguwar da rana tsaka, maza da mata, wanda ya ja layin yana wurin da kansa. Ƙorafin da aka kawo a amsa shi a rubuce, ko an karɓa ko an ƙi, da dalili. A biya diyya kafin katafila ta tashi, diyyar da za ta sayi wani matsuguni, kuma a san da zaman wanda ya shekara da shekaru a gidansa da takardar ciniki, hukuma na gani ba ta ce uffan ba. Wannan ba zai hana gwamna yin titi ba. Zai ƙara wa aiki 'yan watanni a farko, ya rage masa shekarun shari'a a ƙarshe.

A Abuja kuwa ba kwa buƙatar jiran jihohi. Ku yi wannan doka a wannan zango, ku sa sabunta tsarin birnin ya bi ta zama da mazauna ƙananan hukumominsa shida. In aka ga ta yi aiki a can, jihohi za su kwaikwaya, mu ma za mu sami abin nuna wa 'yan majalisarmu na jiha.

Sauran a cikin gidanku suke, gyaran ƙa'idojin zaure kawai suke buƙata. Duk ƙuri'ar da ta shafi kundin tsarin mulki, ko dokar ta-ɓaci, ko ciyo bashi, ko haraji, ko tantance minista, a kaɗa ta da suna a wallafa a ranar. Kowane sanata ya zauna da mutanen ƙananan hukumominsa kafin ya miƙa ayyukan mazaɓa, jerin ayyukan da kuɗinsu da wurin da za a yi su kuma a liƙa inda kowa zai gani. A bayyana abin da ofishin sanata ke karɓa da yadda ake kashe shi. A fara aiki da sashe na 55, ko da daga fassara manyan ƙudurori ne da karanta su a rediyo.

Batun kujerun mata, muna goyon baya, kuma dalilinmu daga unguwa ya fito. Lokacin da masu fenti ke zuwa, maza suna kasuwa, mata ake tararwa a gida. Su suka san nisan rijiya da nisan asibitin haihuwa. Majalisar da mata huɗu ne kawai a cikin 109, babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas, akwai abubuwan da ba za ta taɓa ji ba. A Maris na 2022 an yi watsi da ƙudurorin mata guda biyar. Kada a maimaita. Amma in za a ƙara kujeru, a rage abin da kowace kujera ke ci, domin ƙasar da ake sayen mudun shinkafa da kuka ba za ta ɗauki ƙarin nauyi ba.

Ranar da za ku kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurorin gyaran kundin, muna roƙon a fitar da sunan kowane sanata da abin da ya zaɓa a kan kowane ƙuduri. Kwamitinmu zai nemi wannan jeri, zai fassara shi, zai karanta wa mutanen unguwa kafin zaɓen 2027, kuma za mu roƙi maƙwabtanmu su yi haka a nasu unguwannin.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin safiyo, a madadin kwamitin unguwarmu, Kano.